Rafi Biyu, Taki Ɗaya: Nazarin Gurɓatar Ruwa a Gundumar Kent ta Maryland

A gundumar Kent ta jihar Maryland a Amurka, kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Locust Grove, akwai ƙananan rafuka biyu maƙwabtan juna, rafin Morgan da rafin Chesterville. Dukansu cikin kogin Chester suke zuba, shi kuma Chester ya kai ruwan mashigin tekun Chesapeake. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsauni ba tudu mai tsawo, duk inda ka waiga gonakin masara ne da waken soya da alkama. Ruwan sama ɗaya ke sauka musu, noma iri ɗaya ake yi a kewayensu, takin zamani kuma an shafe shekaru ana zuba shi ta ɓangarorin biyu.

Tsakanin 1990 da 1992, masana biyu na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, USGS, wato John Karl Böhlke da Judith Denver, suka bi ruwan yankin suna aunawa. A rafin Chesterville sun tarar da miligiram 9 zuwa 10 na naitirojin, babban sinadarin da ke cikin taki, a kowace lita, yana cikin siffar sinadarin naitiret. A rafin Morgan kuwa miligiram 2 zuwa 3 ne kacal. Miligiram 10 shi ne iyakar da dokar Amurka ta yarda a samu a ruwan sha, kuma ya yi kusa da iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke lissafi da nauyin naitiret ɗin gaba ɗaya ta ce miligiram 50. An kafa wannan iyaka ne saboda jarirai. Tun 1945 wani likita a jihar Iowa, Hunter Comly, ya nuna cewa ruwan rijiya mai yawan naitiret yana hana jinin jariri ɗaukar iskar oksijin har fatarsa ta yi shuɗi. Ke nan a lokacin rafin Chesterville yana kan bakin iyaka, maƙwabcinsa kuwa bai kai sulusinta ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma a takarda zai ce manoman Chesterville ne ke almubazzaranci da taki, na Morgan kuma masu tsantseni ne. Binciken da aka buga a 1995 ya nuna ba haka ba ne. Naitiret ɗin da ke nutsewa ƙarƙashin gonakin ɓangarorin biyu ya hau tare, a zamani ɗaya, da ninki kusan ɗaya. Bambancin yana can ƙasa, a hanyar da ruwan ke bi daga gona zuwa rafi.

Abin da ya sa aka damu da ƙananan rafuka

Chesapeake shi ne mashigin teku mafi girma a Amurka inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Ruwan da ke gangarowa cikinsa yana fitowa daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 166,000, a jihohi shida da birnin Washington. Ba shi da zurfi sosai, matsakaicinsa bai wuce mita shida da ɗoriya ba, ya kuma shahara da ƙaguwa da kawa da kifi, abin da dubban iyalai suka rayu a kai tun kaka da kakanni. Naitirojin idan ya shiga irin wannan ruwa, aikin da yake yi a gona shi yake yi: yana ciyar da tsiro. Sai gansakuka ta yi yawa ta rufe haske, ciyawar da ke tsirowa a ƙasan ruwa, inda ƙananan ƙaguwa ke ɓuya, ta mutu. Ita gansakukar ma idan ta mutu sai ta nutse, bakteriya su ruɓar da ita, su cinye oksijin ɗin ruwan. Da zafi, lokacin da ruwan daɗi ke tasowa sama ya danne na gishiri su ƙi cakuɗuwa, kwarin tsakiyar mashigin yakan zama wurin da kifi ke gudu, abin da ba ya iya gudu kuma ya shaƙe.

Gundumar Kent tana gabashin mashigin, a kan zirin ƙasar da ake kira Delmarva, wanda jihohin Delaware da Maryland da Virginia suka raba. Wannan gaɓa ta gabas kashi 7 cikin ɗari ce kawai ta duk ƙasar da ke zuba ruwa a Chesapeake, amma wani rahoton USGS na 2015 ya ce naitirojin da fosforas, wani sinadarin taki shi ma, da ake zubawa a kowace kadada a can sun kusa ninka na sauran yankin. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Delmarva na fitar da kajin nama sama da miliyan 500 a shekara, masara da waken soya na gonakin su ne abincin kajin, kashin kajin kuma gona yake komawa ya haɗu da takin buhu. Rahoton ya ƙara da wani abu da ya fi wannan nauyi: kusan kashi 70 cikin ɗari na naitirojin da ke cikin rafukan gaɓar gabas ta ƙarƙashin ƙasa ya biyo, ba ta malalen ruwan sama a kan gona ba.

Yadda yake sauka ƙasa ba shi da wuyar fahimta. Yuriya ko kashin kaji idan suka shiga ƙasa sukan koma amoniyam, wanda ƙwayoyin yumɓu ke riƙewa. Cikin 'yan makonni bakteriyan ƙasa suke mayar da shi naitiret, shi kuwa ƙasa ba ta riƙe shi ko kaɗan, duk inda ruwa ya nufa nan ya nufa. Muddin masara na tsaye a gona saiwarta na zuƙe wani kaso. Matsalar tana zuwa bayan girbi, daga ƙarshen kaka zuwa hunturu, sa'ad da gona ta zama fili, rana ta yi sanyi ba ta busar da ƙasa, ruwan sama kuma bai ɗauke ba. A lokacin ne ruwa ke ratsa yashi ya sauka, ya kwashi ragowar takin ya wuce inda saiwa ke kaiwa.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake tone yashin busasshen rafi da rani a samu ruwa ya riga ya san rabin zancen: rafi da ruwan ƙarƙashin ƙasa abu ɗaya ne, rafi dai shi ne wurin da ruwan ya ɓullo. A Delmarva ruwan ƙasa yana kusa da sama kuma ana samun ruwan sama duk shekara, don haka rafukan ba sa ƙafewa. Ko an yi makonni ba a yi ruwa ba suna gudu, da ruwan da ke tsattsafowa ta gindinsu da gefunansu. Yawancin ranakun shekara, ruwan da ka ɗiba a rafin Chesterville ruwan rijiya ne a zahiri.

Shekarun ruwa

Abu na farko da Böhlke da Denver suka yi shi ne tambayar ruwan shekarunsa. Sun ɗebi ruwa daga siraran rijiyoyin gwaji masu zurfi dabam-dabam a cikin gonaki, da kuma daga ƙarƙashin gindin rafukan, daidai inda ruwan ke hawowa. Dabarar da suka yi amfani da ita sabuwa ce a lokacin, abokan aikinsu Eurybiades Busenberg da Niel Plummer ne suka daidaita ta. Iskar CFC, wadda a da ake sawa a firji da gwangwanin feshi, ba ta cikin halitta, a shekarun 1930 aka fara sarrafa ta. Daga shekarun 1940 yawanta a sararin sama ya riƙa hawa shekara bayan shekara, kuma an san adadin kowace shekara. Ruwan sama idan yana ratsa ƙasa yakan narkar da ɗan wannan iska gwargwadon yawanta a lokacin. Da zarar ya haɗu da ruwan ƙasa, ya rabu da iska, adadin da ya ɗauka ya tsaya ke nan. Wanda ya auna shi zai iya cewa wannan ruwa a wajen 1965 ya shiga ƙasa, wancan a wajen 1980. Sun kuma gwada sakamakon da tiritiyam, wani sinadari da ke shiga ruwan sama, wanda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka watsa a sama har ya kai ƙololuwa a 1963.

Da aka jera ruwan bisa shekarunsa sai tarihin noman yankin ya fito fili. Akwai ruwan da ya shiga ƙasa kafin 1940, akwai na ƙarshen shekarun 1980. Na kusa da sama shi ne sabo, na can ƙasa shi ne tsoho. A cikin shekaru arba'in, naitiret ɗin da ke shiga ruwan ƙasa ya ninka sau uku zuwa shida a ɓangarorin biyu, kuma ya fi hawa da sauri a shekarun 1970. Hawan ya yi daidai da hawan sayen takin zamani a yankin. Lissafinsu ya nuna cewa kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na naitirojin ɗin takin ya isa ya bayyana abin da aka gani a ƙasa. Wato a kowane buhu goma da manomi ya biya kuɗinsa, abin da ke cikin buhu biyu zuwa uku da rabi ya wuce masara ya tafi rijiya. Ni a ganina wannan ya kamata a fara gaya wa manomi kafin a yi masa zancen ƙaguwa, domin asarar aljihunsa ce tun kafin ta zama ta masunta.

Sai kuma abin da ya fi tayar da hankali. Ruwan da aka kama yana hawowa ta gindin rafukan a farkon shekarun 1990 duk tsoho ne, daga na kafin 1940 zuwa na 1975. A matsakaici, ruwa na shafe shekaru ashirin ko fiye a ƙasa kafin ya fito rafi. Ke nan miligiram 9 zuwa 10 da aka auna a Chesterville ba takin bana ba ne ko na bara, gauraye ne na tsohon ruwa mai ɗan tsabta da ruwan zamanin da taki ya fara yawa. Ruwan shekarun 1980, wanda ya fi ɗaukar kaya, a lokacin yana kan hanya bai iso ba tukuna. Naitiret ɗin da ke fita ta rafukan bai kai wanda ke shiga ta gonaki ba, sauran yana taruwa a tsakani.

Inda hanya ta rabu

Shekarun ruwa sun bayyana jinkiri, amma ba su bayyana abin da ya raba Morgan da Chesterville ba, tunda dukansu tsohon ruwa suke sha. A nan ne sinadaran ruwan da irin ƙasar da yake ratsawa suka shigo.

Naitiret yana da hanyar ɓacewa guda ɗaya mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙasa. Akwai bakteriya da ke numfashi da oksijin idan akwai shi, idan ya ƙare kuma sai su juya su yi numfashi da naitiret, su farfasa shi ya koma iskar naitirojin, wadda dama ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ba ta cutar da kowa. Amma sharuɗɗa biyu ne. Dole oksijin ɗin da ruwan ya narkar ya ƙare tukuna, domin muddin yana nan bakteriyan ba sa kula naitiret. Kuma dole su samu abin ci: ruɓaɓɓen tsiro ko ragowar halittu, ko ma'adinai masu ƙarfe da sulfa da ba su taɓa haɗuwa da iska ba. Abin cin nan shi ne kuma ke cinye oksijin ɗin tun farko. Ruwan da ke ratsa wankakken yashi da tsakuwa, wanda dubban shekaru na ruwan sama suka riga suka cinye duk abin da zai iya tsatsa a cikinsa, yana iya tafiyar shekara talatin da oksijin ɗinsa, naitiret ɗinsa kuma ko ƙwarzane bai yi ba.

Haka ƙasan Chesterville yake. A sama akwai yashi da tsakuwa da tsoffin koguna suka shimfiɗa, ƙarƙashinsu kuma yashin tsohon teku ne wanda ya riga ya sha iska ya yi ja-ja har zuwa zurfi mai yawa. Shimfiɗar yumɓun da ke tare ruwa tana can ƙasa da nisa. Ruwa ya samu ɗaki mai faɗi, ya nutse, ya miƙe a kwance, ya zo ƙarƙashin rafi ya hau tsaye da sauri, bai taɓa komai da zai canza shi ba. Abin da ya ɗauko daga gona shi ya sauke a rafi.

Shimfiɗun ƙasar yankin a karkace suke, suna nutsewa ta kudu maso gabas. Saboda wannan ɗan karkacewa, a ƙarƙashin Morgan shimfiɗar ta tsohon teku da ba ta sha iska ba ta taso kusa da sama, rafin kuma ya yanka kwarinsa har ya kusa da ita. Yashi ne mai launin kore-kore saboda wani ma'adini mai ƙarfe da ake kira gulokonait, gauraye da farar ƙasa ta ɓawon halittun teku da sauran abin da aka binne tare da shi tun shekaru miliyoyi. Ruwan da zai fito rafin Morgan ta ƙasa sai ya ratsa wannan wuri. A nan oksijin ke ƙarewa, a nan bakteriya ke samun abin ci, a nan naitiret ke komawa iska.

Yadda suka tabbatar da haka ya burge ni, domin ba su tsaya ga cewa "naitiret ya yi ƙasa, to lallai an cinye shi" ba. Ruwa marar naitiret yana iya zama tsohon ruwa ne kawai da bai taɓa ɗaukar taki ba. Don su raba biyun sai suka auna iskar da ke narke a cikin ruwan. Duk ruwan da ya shiga ƙasa yana ɗauke da iskar naitirojin da iskar argon a gwargwado sananne, argon kuwa ba ya shiga harkar kowa, yadda ya shiga haka yake fita. Idan aka ga iskar naitirojin ta zarce abin da argon ya ce ya kamata a samu, rarar daga naitiret ɗin da aka farfasa ta fito. A ruwan da ke hawowa Morgan an samu wannan rara. Suka mayar da ita cikin lissafi, sai ga shi ruwan ya bar gona da kaya kwatankwacin na sa'anninsa da ke ƙarƙashin Chesterville. Akwai shaida ta biyu. Naitirojin iri biyu ne a halitta, mai nauyin 14 da mai nauyin 15, bakteriya kuma sun fi saurin cin mara nauyin, saboda haka naitiret ɗin da ya rage bayan sun ci yakan yi nauyi fiye da yadda ya fara. Wannan alama ma ta bayyana a inda ake tsammaninta.

Bishiyoyin bakin rafi

A shekarun da ake wannan bincike, dasa bishiyoyi a bakin rafi shi ne maganin da kowa ke yabo, kuma da hujja. A 1984 William Peterjohn da David Correll sun nuna, a wani ƙaramin yanki na kogin Rhode da ke yammacin mashigin a Maryland ɗin dai, cewa kurmin da ke tsakanin gonar masara da rafi ya tare kusan kashi 90 cikin ɗari na naitirojin da ya shigo masa. A can akwai yumɓu kusa da sama, ya tilasta wa ruwa ya bi ta cikin saiwoyi da baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye. A 1996 gwamnatocin yankin suka yi alƙawarin dasa irin wannan kurmi mai tsawon mil 2,010 kafin 2010, suka kuma cika shi da wuri.

To amma rafin Chesterville ma yana da bishiyoyi da ɗan fadama a bakinsa, ga shi ba su hana komai ba. Ruwan ya bi ta ƙarƙashinsu, mita da yawa ƙasa da inda saiwa ta tsaya, ya ɓullo a tsakiyar gindin rafi. A Morgan ma ba kurmin ne ya yi babban aikin ba, binnannen yashin nan ne. Ba ina cewa dasa bishiya aikin banza ba ne: tana riƙe gaɓa, tana tare laka da fosforas da ke biyo malale, tana yi wa ruwa inuwa. Amma a lissafa mata rage naitiret iri ɗaya a ko'ina, ba a duba zurfin yashin da ke ƙarƙashinta ba, wannan yaudarar kai ce, kuma ana iya kashe kuɗi mai yawa a kanta a dawo ana mamakin me ya hana rafi gyaruwa.

Morgan kansa ba tsarkakakke ba ne, miligiram 2 zuwa 3 ɗin nan daga wani wuri suka fito. Da ma'aikatan USGS suka koma rafin a farkon shekarun 2000, sun lura cewa gindinsa laka ce mai tauri da ba ta barin ruwa ya wuce da sauƙi, don haka wani kaso na ruwan ƙasa yana ɓullowa ne a gindin gangaren da ke gefen fadama, ya zama 'yan idanun ruwa da ƙananan ƙoramu da ke malala kan ƙasa zuwa rafi. Wannan ruwa bai nutse har cikin koren yashin ba, bai kuma daɗe cikin laka ba, yana fitowa da naitiret ɗinsa. A rafi ɗaya, tazarar 'yan mita, ruwan da ya hawo ta ƙasa ya tsarkaka, wanda ya tsattsafo ta gefe bai tsarkaka ba. Daga baya, a 2013, Jim Tesoriero da abokan aikinsa sun kwatanta rafuka bakwai a sassan Amurka suka samu tsari mai kama da wannan: rafin da yawancin ruwansa daga ƙasa yake, yana kuma hawowa da sauri ta yashi mai oksijin, shi ya fi shan wahalar tsohon naitiret.

Wa'adin gwamnati da tafiyar ruwa

An sa hannu kan yarjejeniyar farko ta ceto Chesapeake a 1983. A 1987 aka ce za a rage naitirojin da fosforas da kashi 40 cikin ɗari kafin shekarar 2000, ba a kai ba. Aka sa 2010, ba a kai ba. A Disambar 2010 hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta ƙayyade wa jihohin yawan abin da za su bari ya shiga mashigin, kimanin kilo miliyan 84 na naitirojin a shekara, ragin kashi 25 cikin ɗari ke nan, ta ce a kammala duk matakan kafin 2025. Tun kafin shekarar ta zo jami'ai suka amsa cewa wannan ma ba za a cika shi ba.

Inda aka yi nasara ya nuna inda gizo ke saƙar. Masana'antun tace ruwan bayan gida, irin babbar nan ta Blue Plains a Washington, sun cika rabonsu kusan shekara goma kafin wa'adi. Bututu ne, ka gyara injin yau ka ga bambanci a ruwan gobe. Gona ba ta haka. Ward Sanford da Jason Pope na USGS sun ƙididdige a 2013 cewa matsakaicin shekarun ruwan ƙasa da ke fita rafukan Delmarva yana tsakanin 20 da 40, kuma ko da an tsayar da abin da ke nutsewa daga gonaki a inda yake, abin da ke isa mashigin zai ci gaba da hawa na wani lokaci saboda wanda ke kan hanya. A kogin Choptank, kudu da Chester, naitiret ya yi ta hawa shekaru da dama alhali jihar Maryland tun 1998 ta wajabta wa manoma tsarin sarrafa taki.

Wannan jinkiri yana cutar da mutane iri biyu. Manomin da ya rage taki, ya kashe kuɗi ya canza tsari, yana ganin rafin bayan gonarsa bai canza ba bayan shekara goma, ana kuma nuna shi da yatsa kan takin da mahaifinsa ya zuba. Ba mamaki ya karaya. A ɗaya gefen kuma jinkirin ya zama mafaka ga wanda bai yi komai ba, ya ce ai tsohon ruwa ne, a jira. Ni ban yarda a bar wa kowa wannan mafaka ba, domin akwai hanyar ganewa. Ba rafi za a tambaya ba, siririyar rijiya mara zurfi a ƙarƙashin gonar za a tambaya, inda ruwan shekara ɗaya ko biyu yake. Idan naitiret yana sauka a can, gyara na zuwa ko da rafi bai nuna ba. Idan bai sauka ba, to ba jinkiri ba ne, aikin ne bai yi ba.

Irin wannan awo aka yi a cibiyar binciken noma ta Wye da ke gaɓar gabas ɗin, inda Kenneth Staver da Russell Brinsfield suka nuna cewa shuka hatsin hunturu nan da nan bayan girbin masara, ba don a ci ba sai don saiwarsa ta zuƙe ragowar taki a watannin da gona ke zama fili, yana rage naitiret ɗin da ke nutsewa ƙwarai, ruwan ƙasa mara zurfi kuma ya biyo baya cikin 'yan shekaru. Maryland yanzu tana biyan manoma su yi wannan shuka, kuma wanda ya shuka da wuri ya fi samun lada, don tsiron da bai kafu ba kafin sanyi ba ya zuƙar abin kirki. A ƙasa irin ta Chesterville, inda babu abin da zai tare naitiret da zarar ya wuce saiwa, nan ya kamata kuɗin nan ya fi zuba. Raba shi daidai wa daida tsakanin gonaki yana da daɗin faɗa a siyasa, amma kadadar da ke kan wankakken yashi mai zurfi tana aika wa mashigin kaya ninkin wadda ke kan koren yashi.

Su ma mutanen Morgan bai kamata su saki jiki ba. Kariyar da suke da ita a rafi take, ba a rijiya ba. Gidan da ya haƙa rijiya mara zurfi a tsakiyar gonaki yana shan ruwan ne kafin ya kai inda ake tsarkake shi, kuma dokar miligiram 10 ba ta bin rijiyoyin gidaje a Amurka, mai gida ne zai kai ruwansa gwaji da kansa. Sannan abin cin bakteriyan da ke cikin koren yashin ajiya ce da tsohon teku ya bari, ba a ƙara ta. Kowane kilo na naitiret da aka farfasa ya cinye wani yanki nata, iyakar da ke tsakanin yashin da ya sha iska da wanda bai sha ba kuma tana matsawa ƙasa sannu a hankali. Kafin zuwan takin zamani oksijin ɗin ruwan sama ne kaɗai ke cin wannan ajiya. Yanzu an ƙara masa naitiret, wanda a ruwan da ke ɗauke da miligiram 10 ƙarfin cinsa ya ninka na oksijin ɗin kusan sau uku.